Mai Laluben Gindin Bishiya

Sati biyu bayan Kirsimeti, bishiyoyin ado suna yashe a bakin titunan Halifax cikin ƙanƙara. Mai kwashe su, Glenda, mace ce kakkaura, furfura na leƙowa ta ƙarƙashin hularta. Ba ta tura bishiya cikin injin niƙa sai ta laluba gindinta, don ƙusa ɗaya kan dawo kamar harsashi.

"Glenda, yi sauri mana, sanyi zai kashe ni," in ji direban motar kwashe bishiyoyin.

"Sanyi ba ya cire ido, Murdoch."

Ta zaro ƙusa, ta ɗaga masa. Yatsu biyu na safar hannunta suna lilo, babu yatsu a ciki. Wataƙila ita ma ta taɓa yin sauri. Murdoch ya sauko yana taya ta lalube.