Farar Rigar Masu Haƙar Kwal

Rannan a tashar Kazaure wani tsoho ya yi tari a bayana, irin tarin nan mai tasowa daga ƙasan ƙirji kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Ban waiwaya ba. Da irinsa na tashi a gidanmu na Roni, yana fitowa daga ɗakin Baffa, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina ƙaramar yarinya.

Baffa yana cikin mutanen yankinmu da suka tafi Inugu haƙar kwal tun zamanin Turawa. Rikicin da ya zo gab da yaƙin basasa ne ya koro su gida, kowa da ɗan ƙunshinsa. Ko a hanyar masallaci ka gan su za ka gane su. Akwai tabo shuɗi-shuɗi a goshinsu da bayan hannunsu, inda kwal ya shiga ciwo fata ta rufe a kansa. Kuma ba sa tafiya mai nisa sai sun dafa bango.

Mutanen gari ba su san abin da rami ya yi musu ba. Abin da suke gani kawai, ga ƙato ba ya iya gama kunya ɗaya a gona sai ya zauna, sai a ce ci-rani ya mai da su ragwaye. Da ɗayansu ya rasu a Gwiwa, aka ji wani yana faɗin haka a wajen zaman makoki. Wannan magana ce ta haifi ƙungiyarsu. Tsohon helumansu, wani mutumin Babura mai ido ɗaya wanda ya shugabance su a rami, ya bi su gari-gari a kan keke har ya tara su.

Duk kaka, in an zuba gero a rumbu, sai su haɗu a zauren ɗayansu. Wanda ya cika shekara ashirin a ƙarƙashin ƙasa, a ɗinka masa farar riga, a kunna tsohuwar fitilar rami a gabansa da rana tsaka. Kowa ya miƙe tsaye, Heluma ya faɗi ramukan da mutumin ya shiga da waɗanda ya ciro da hannunsa ranar da ƙasa ta rufta. Iyakar karramawar ke nan.

Baffa bai samu ba. Saura 'yan watanni ya cika suka gudo. Shi ke sa wa wasu rigar, ya gyara musu wuyanta, ya koma gefe. Sun so su yi masa sassauci, ya ƙi.

Ana haka arzikin mai ya zo. Jirgin ƙasa ya daina cin kwal, rediyo kullum zancen fetur, samari suna dawowa daga Kano da sababbin babura. Ba mai tambayar tsofaffin nan. Kowace kaka tabarma na ƙara yi musu yawa.

Shekarar da ciwon Baffa ya tsananta, kwanciya ta gagare shi, a zaune yake barci ya jingina da bango. Ni ke zubar da kaskon yashin da yake tofa majina, baƙa wuluk. Da lokacin taro ya yi, bai iya kaiwa ko zaure ba, sai suka shigo har ɗakinsa. Ina gefensa ina yi masa fifita. Heluma ya warware farar riga.

Baffa ya ce, "Heluma, ban cika ba. Kai ma ka sani."

"Na sani, Malam," in ji shi. "Kai ka baro rami, shi bai bar ka ba. Tun da muka dawo kake haƙa da ƙirjinka, duk unguwa tana ji. Na haɗa maka da wannan. Ka cika, har ka wuce."

Baffa ya yi ƙoƙarin ɗaga hannuwansa, suka ƙi. Ni da Heluma muka zura masa rigar. Aka kunna fitila, suka miƙe. Heluma bai yi nisa da jawabi ba warin fitilar ya cika ɗakin, tari ya sarƙe su gaba ɗaya, har mai maganar. Dole aka kashe ta. Suka ƙarasa tsayuwar ba mai iya cewa uffan.

Baffa bai ga damina ba. Heluma ya bi shi bayan 'yan shekaru, sauran kuma suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiya ce da ba ta taɓa yin sabon shiga ba, tun ranar da aka kafa ta raguwa take yi.

Yau jikokina suna zaton kwal gawayi ne, kuma a Roni ba sauran mai tuna an yi wannan taro. Rigar kuwa sau ɗaya Baffa ya sa ta. Bayan sadakar arba'in aka ba wani maƙwabcinmu, ya yi ta zuwa kasuwa da ita har ta yage, bai taɓa tambayar ta mece ce ba.