Wuyan Lesia da Kwaɓin Coci

Ranar da abin ya faru ruwa aka yi da safe, sanyi ya biyo baya ya daskarar da shi a kan kwalta, hanya ta koma kamar madubi. A irin wannan rana mai hankali gida yake zama. Amma Lesia Demchuk, matar marigayi yayana, ta ce albasa ta ƙare a ɗakin girkin coci, ta ɗauki motarta ta nufi kanti. Tana tsaye a mararraba maƙwabcinmu Orest ya taka birki, motarsa ta ƙi ji, ta zo ta daki tata ta baya.

Ya fito da sauri. "Lesia, kin ji ciwo?"

"Lafiyata lau," in ji ta. "Kai dai je ka koyi tuƙi."

Haka ta faɗa wa likita ma. Mu nan, 'ya'yan manoman alkama na gabashin birnin Edmonton a ƙasar Kanada, ko ƙafa ce ta cire lafiya lau muke cewa.

Tun tana amarya Lesia ke riƙe da kwaɓin perogi a cocinmu, abincinmu na fulawa da ake cusa wa dankali a dafa. Sauran mata su murza, su zuba dankali, su matse baki, amma fulawa da ruwa hannunta kaɗai ke taɓawa. Ni tun da na bar noma nake fere dankali a ƙarshen teburin.

Bayan kwana biyu wuya ya ƙi juyawa, hannun dama ya riƙa mutuwa. Ni na tuƙa ta birni wurin wata lauya, Tannis Friesen, yarinya mai haƙuri. Ta ce a lardinmu na Alberta doka ta sa iyaka ga kuɗin raɗaɗi idan rauni ƙarami ne, kamar targaɗe ko ciwon jijiyar wuya. Ba a wuce iyakar sai ciwon ya hana mutum ayyukansa na yau da kullum, ya kuma ƙi sakinsa.

"Ƙarami?" in ji Lesia. "Wanda ya rubuta dokar ya zo in ara masa wuyan nan ya kwana da shi."

"Inna, naki yana iya wuce iyakar," in ji lauyar. "Ban ce ki yi ƙarya ba. Likita ya ce ki huta, to ki huta. Idan aka gan ki cikin fulawa, kamfanin inshora zai ce kin warke, magana ta ƙare."

Ta zauna a gida duk lokacin sanyin nan, ba ta fita sai zuwa wurin masu gasa mata wuya. Matan coci suka karɓi kwaɓi. Na kai mata nasu a kwano, ta ciza ɗaya ta ajiye.

"Wasyl, wannan abinci ne ko dunduniyar takalmi?"

"Matar yaya, ni ɗan aike ne."

"Ɗan aiken da ya cinye rabi a hanya."

Orest kuwa kunya ta hana shi tako gidanta, ko da yake kamfani ne zai biya, ba shi ba. Idan ya hango ta a taga sai ya sunkuyar da kai ya wuce.

Da ƙanƙara ta fara narkewa sai Nadia, matar Orest, ta rasu. A wurinmu duk wanda aka binne, coci ke ciyar da masu rakiya, kuma Nadia ce ke zama a hannun hagun Lesia tun suna da ƙuruciya. Da safe waya ta yi ƙara, Lesia ce.

"Zo ka ɗauke ni."

"Lauya fa?"

"Ita za ta ci abincin?"

"Kuɗin ba kaɗan ba ne, Lesia. Kin san rufin gidanki yana yoyo."

"Na sa bokiti. Ba za a raka Nadia da dunduniyar takalmi ba. Ka zo ko in tako da ƙafa?"

Na je. Ta ɗaura ƙyallen girki, ta tura hannu cikin kwaɓi sau biyu, fuskarta ta canza. Ta ja kujera ta zauna, ta dube ni.

"Wanke hannunka."

Namiji bai taɓa sa hannu a kwaɓi a ɗakin nan ba. Matan suka yi ta dariya, wata ta ce yau coci ya ga abin da bai taɓa gani ba. Lesia tana zaune tana tsunkule kwaɓin da yatsa. "Ƙara ruwa. Ya isa, ba shanu kake ba wa ba. Danna da ƙarfi, tsoho, ina ƙarfin da kake cika baki da shi?" Da ya yi mata, ta shiga matse baki tare da sauran har la'asar, rabin gari na shiga da fita suna kallonta.

Bayan an ci, Orest ya leƙo ɗakin girki, hula a hannu. Ya tsaya a bakin ƙofa. Ta tura masa kwano.

"Zauna ka ci. Tun safe ban ga ka sa komai a baki ba."

Ya zauna kusa da ita, a kujerar Nadia.

Washegari ita da kanta ta kira lauyar ta faɗa mata komai. Tannis ta ce za a iya ci gaba da ja, tun da kwaɓin ya gagare ta, sai dai zai ɗauki shekaru, kamfanin inshora kuma zai yi ta tambayar matan coci. Lesia ta ce a'a, a ba ta na ƙaramin raunin, ta koma bakin aikinta ba tare da waige ba.

Da kuɗin suka zo ta sayo wa coci injin kwaɓi. Rufin kuwa ni da Orest muka hau muka gyara da rani, tana ƙasa tana gaya mana inda muka karkace.

Wuyan bai koma yadda yake ba, idan za ta dube ka sai ta juyo gaba ɗaya. Tana nan a gidanta na bayan coci. Kowace Alhamis tana zaune a bakin teburin girki, kuma ba a kashe injin sai ta taɓa kwaɓin ta ce ya yi.