Ranar da Na Naɗe Ƙafa a Hanyar Damagaram

A shekarun casa'in ni direba ne a Gure. Lakwal, wato makarantar boko, aji shida na yi na bari, na bi mota har na samu farmi, wato lasin tuƙi, wani Alhaji ɗan Damagaram mai kanti a kasuwarmu ya damƙa mini motarsa ta shiga rairayi. Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata. Wanda ya san al'adarmu ya san abin da nake nufi: ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido da ido. In tana da magana da ni, sai ta gaya wa ƙanwata, ko da ina zaune a gabanta. A bakinta sunana shi ne mutumin nan.

Motar tana da wani maɓalli a ƙarƙashin sitiyari, totur ne na hannu. An yi shi don ɗumama inji da safe, mota na tsaye. Amma mu direbobin hanyar nan mun ba shi wani aiki. In an hau kwalta, hanya ta miƙe, sai mutum ya jawo shi ya murɗa ya kulle, ya ɗauke ƙafa, mota ta yi ta gudu ita kaɗai. Wani tsohon makanike a tasha ya taɓa ja mini kunne, ya ce abin nan kurma ne, ko ka taka burki ba ya ji, sai ka sake shi da hannunka. Na ce masa ai tsufa ne ya sa shi tsoro. Ya ce to, Allah ya kai ni shekarunsa.

Yanar ido ta fara rufe wa Inna gani, aka ce a kai ta asibitin Damagaram. Alhaji ya ba ni mota da bakinsa. Muka tashi da hantsi, ita da ƙanwata a baya. Da muka wuce lambunan kwari, na ja maɓallin, na naɗe ƙafata ta dama a kan kujera kamar mai zaman tabarma. Inna ba ta gani sosai, amma kunnenta ya ji kukan injin ya daina hawa da sauka. Ta tambayi ƙanwata, ƙanwata ta gaya mata. Sai ta ce ta faɗa wa mutumin nan cewa ko raƙumin da ya san hanyar gida ba a sakar masa akala. Ƙanwata ta maimaita tana dariya. Ni ma na yi dariya, na ce ta gaya wa Inna wannan raƙumin na ƙarfe ne, ba ya ganin ciyawa balle ya ratse. Inna ba za ta iya maimaita mini magana sau biyu ba, kuma na san haka.

Akwai babbar motar shanu a gabanmu. A bayan wani tudu rairayi ya hau kwalta, direbanta ya rage gudu, kamar yadda kowane mai hankali zai yi. Tawa ba ta rage ba. Kafin in zaro ƙafata da ta yi sanyi, mun cim masa. Na taka burki, inji yana ja, burki yana riƙewa. Hannuna bai tuna da maɓallin ba. Na karya sitiyari don in kauce, taya ta nutse cikin rairayi, muka juya. A daidai lokacin nan na ji Inna ta kira sunana. Sunana na yanka, da ƙarfi, sau ɗaya.

Ƙanwata ta karye a hannu. Ni ko ƙwarzane na kirki ban samu ba. Inna ta cika a gefen hanya, kanta a cinyar ƙanwata, kafin jandarmomi su iso. Da suka tambaya, direban shanun ya ce rairayi ne, kowa ya ce ƙaddara. Ƙanwata ba ta taɓa faɗa wa kowa inda ƙafata take ba, har yau kuma ba mu taɓa tayar da zancen ba tsakaninmu. Na yarda kwananta ne ya ƙare. Amma na san abin da hannuna ya kulle.

Abin da ya sa na rubuto muku shi ne, ina jin yanzu akwai motocin da ke riƙe gudu da kansu, har su rage in sun kusanci ta gaba. Ban musa ba, na ƴan zamani ya fi namu nesa. Amma ƴan'uwana direbobi, mota ba ta san wa ta ɗauko ba, kai ne ka sani. Ka bar ƙafarka kusa da burki, idonka a hanya, ka san yadda ake kashe abu kafin ka kunna shi. In wani a baya ya ce ka rage, ka rage, ko da a bakin wani saƙon ya zo maka.

Tun ina yaro nake marmarin in ji sunana a bakin Inna. Na ji shi. Allah ya jiƙanta, ya yafe mini.