Ranar da Muka Jawo Motar Soja Gida

Yayana ya sayi tsohuwar motar soja a gwanjo, irin doguwar nan da duk tayoyinta huɗu ke ja, don ta riƙa shiga gonarmu ta bakin daji ko da taɓo. Da ƙafarta ya taho da ita daga Kaduna, amma dab da Birnin Gwari injin ya mutu.

Ya bar ta can ya dawo gida, muka ari taraktar maƙwabcinmu muka koma tare. Ina ganinta na manta a mace take. Na dinga zagaya ta ina shafa koren fentin, bakina ya ƙi rufuwa.

Na ɗauko igiya, Yaya ya ce, "Ajiye ta. In inji ba ya aiki, birkinta ba ya kamawa sosai. A gangara sai ta hau kaina."

Muka haɗa ta da taraktar da sandar ƙarfe mai kauri, muka ƙara sarƙa ko da ƙarfen zai kuɓuce. Na tokare tayoyi da duwatsu, shi kuma ya shige ƙarƙashi ya kwance farfelar gaba da ta baya, wato ƙarafan da ke haɗa giya da tayoyi, don kada juyawar taya ta cinye giya. Ya ɗaura jan ƙyalle a bayan motar.

"Hau, kai ne a sitiyari."

"Ni, Yaya?"

"To wa? Sawuna kawai za ka bi. In ka ga matsala, buga ƙofa da ƙarfi."

Muka kama hanya a hankali. Sitiyarin ya yi tauri, duk kwana sai na sa ƙirji, amma daga can sama ina hango har ƙarshen gonakin dawa. Wani makiyayi ya tsayar da shanunsa ya sara mini, ni ma na sara masa.

Kafin mu shiga unguwa labari ya riga mu, wai ga sojoji nan. Mutane suka fito ƙofar gida. Da suka ga tarakta ce ke ja, ni kuma a ciki da hular gona, sai dariya da tafi.

Inna ta fito ta daɗe tana kallon motar.

"Wannan tamu ce?"

"Taki ce, Inna," in ji Yaya.

"To ku ɗaga ni."

Muka tallafa mata ta hau. Ta gyara mayafi, ta kama sitiyari da hannu biyu, ta ce a kira mata maƙwabta su zo su gan ta.