Iliyasu Mai Awon Sabis

Duk Basirka babu wanda bai san Iliyasu mai gyaran waya ba. Ɗan makiyaya ne, amma tun yana ƙarami aka gane ba za a ci moriyarsa a bayan shanu ba. Rediyon babansa ya fara kwancewa, ya sha duka, bai daddara ba. Yanzu in ka ga mutum na zagaya gida da waya a sama kamar mai neman kazar da ta ɓata, to shi ne, ƙarfin sabis yake aunawa.

Da ya sayi 'yar na'urar waifai, sai da ya auna zaure, ya auna tsakar gida, ƙarshe ya ɗaure ta a gora saman rumbu, don nan ta fi gudu. Ya gwada da lambar sirri, ya gwada babu, ya ga kamar in ba makulli ta fi sauri ɗan kaɗan. Sai ya cire. Kwaɗayi mabuɗin wahala! Ga kuma kunya: a unguwarsu ba a hana maƙwabci ɗiban wuta, balle abin da iska ke kawowa. Kan ka ce kwabo gindin katangarsa ya zama majalisa.

Ana nan matarsa Nasiha ta haihu a asibitin Birnin Kudu. Aiki aka yi mata, aka riƙe su ita da jaririn. Dada, mahaifiyar Iliyasu, ciwon ƙafa ya hana ta hawa babur, ga shi jikanta na fari ne, har ta daina cin abin kirki. Iliyasu ya dawo gida daga asibitin takanas don ya nuna mata yaron ta kiran bidiyo.

Aka kira, hoto ya daskare. Aka sake, haka. Ya duba, ashe 'yan barkan da suka cika zaure duk sun hau waifai ɗin. Dada ta mayar masa da wayar, abin ya sosa masa rai ƙwarai.

Ya fita zaure yana sosa ƙeya, ya durƙusa gaban Malam Sada, dattijon maƙwabcinsa.

“Baba, a yi haƙuri, zan sa wa abin nan makulli. Dada ce ta kasa ganin yaron.”

“To me kake jira?” in ji dattijon. “Ko rijiya ai ana yi mata murfi. Mai so ya yi sallama a ba shi.”

Ya sa lambar, ya auna, ya ga saurin da makullin ya ci bai taka kara ya karya ba. Ya sake kira, sai ga fuskar jariri tarwai, yana hamma.

Dada ta goge gilashin wayar da bakin mayafinta, ta matso da ita daf da ido.

“Wannan ne mijin nawa?” ta ce, hawaye na zuba. “To ku gaya masa na yarda, ya zo gida.”