Ranar da Shugaba Ya Sayar, Ma'aji Ya Saya

Kawuna mai gyaran agogo ne. Shagonsa ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar wani dogon gini, in mutum biyu suka zo sai ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa. Shekara talatin yana nan, gilashi maƙale a ido ɗaya, yana tsintar ƙananan kusoshi da hantsaki.

Da ya sayar da tsohon babur ɗinsa, wani dillalin hannun jari da ke kawo masa gyara ya shawo kansa ya zuba kuɗin a wani kamfanin sabulu. Shi ne kuma ya gaya masa cewa duk daraktan da ya sayi hannun jarin kamfaninsu ko ya sayar, dole ne ya sanar kowa ya gani. Kawu ya riƙe maganar nan gam. A ganinsa na ciki sun fi kowa sanin lafiyar kamfani: in sun saya alheri na tafe, in sun sayar a gudu. Kullum da safe 'yarsa takan buɗe masa shafin sanarwar a waya kafin ta tafi aiki, shi kuma ya kwafe sunayen a wani tsohon littafi.

Wata Talata shugaban kamfanin ya sayar da kaso mai tsoka. A ranar kuma ma'ajin kamfanin ya saya.

Kawu ya karanta sau uku. Ya miƙa wa wani mutum agogonsa ba batir a ciki. Da ya koma gida da rana, ya tasa kwano a gaba bai taɓa ba.

"Malam, lafiya?" in ji matarsa.

"To wa zan bi? Ofishinsu ɗaya, teburin taronsu ɗaya. Wannan na fita, wancan na shiga."

"Ƙila faɗa suka yi."

"Ana faɗa da hannun jari ne?"

"Ni ina na sani? Ci abincinka."

Ya kira dillalin. Dillali ya ce wani lokaci abin da ma'ana, wani lokaci babu. Kawu ya ce ai wannan ko shi zai iya faɗa.

Bayan mako biyu wani mutum ya kawo agogo a canja masa maɗauri, ashe direban shugaban kamfanin ne. Kawu ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe dai ya tambaye shi abin da ya sa maigidansa ya sayar.

"Maigida? Gida yake gina wa tsohuwarsa," in ji direba. "Ta ce ita da hawa bene har abada."

"Shi ke nan dalilin?"

"Abin da na ji ke nan."

"Ma'aji fa?"

"Wannan ko gaisuwa ba ta cika haɗa mu ba."

Kawu bai saya ba, bai sayar ba. Farashin ya ɗan hau, ya sauko, ya tsaya kusa da inda yake. Har yau yana kwafe sunayen, sai dai yanzu yakan bar fili a gefen kowanne. Na tambaye shi na mene ne, ya ce na dalili ne, in Allah ya kawo wani direban.