Arzika Mai Taya da Tayoyin da Na Saya a Waya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar Arzika mai taya, nan Illela bakin hanyar Kwanni, ya san ba ya barin mutum ya gama sallama. Kana "salamu alai…" zai ce "albarka." Ba ka nuna taya ba, ba ka tambayi kuɗi ba, wataƙila ma hanyar tasha ka zo tambaya, amma an riga an ƙi tayinka. Akwai masu rantsuwa cewa wata Juma'a liman na sallame salla aka jiyo shi daga sahun baya ya ce albarka. Ni dai ban ji ba, don a lokacin hankalina na kan albasar da na bari a mota.

Ni ne Labbo mai akori-kura, wanda ke ɗauko albasa da gero daga Lafani da Gidan Katta. Makarantar boko ta ƙofa na shige ta, na fita ta taga, don haka in kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri, motata ma haka take tafiya. Ni da Arzika sa'o'in juna ne, kuma ban taɓa ganin ɗan kasuwar da ke gudun ciniki ya faɗa ba sai shi.

Ina zaune wata rana wani Alhaji ya zo daga Kwanni cikin gaggawa, taya ɗaya yake so. Arzika ya faɗi kuɗi. Bawan Allah bai ko taya ba, ya zaro sefa, kuɗinsu na can, zai biya. Sai Arzika ya janye tayar ya zauna a kanta.

"Mi kaka yi haka, Alhaji?"

"Biya nika yi. Ba abin da kac ce ke nan ba?"

"Abin da nac ce ke nan, amma wa yag gaya maka shi nika nufi? Ka taya mana."

"Malam, ba ni da lokaci."

"To ni kuwa ba ni da taya."

Dole Alhajin nan ya zauna. Aka kawo shayi. Aka tambaye shi ruwan bana a Kwanni, da kuɗin raguna, da ciwon ƙafar babarsa. Sai da aka kira azahar aka sallama masa, kuma ƙasa da kuɗin da ya so biya tun farko. Da ya tafi na ce, "Arzika, ka yi asara." Ya dube ni ya ce, "Shi ya sa anka kore ka makaranta. Shi taya ɗaya yas samu. Ni na samu kuɗɗi, na samu labarin Kwanni, kuma na san sunan ɗiyanshi dut."

Ya kan ce taya uku ce a duniya: tayar mota, tayin ciniki, da taya hira, kuma wanda ya zo neman ta farko sai ya biya da sauran biyun. Kujerar baƙinsa ma tarko ce. Tsohuwar tayar tirela ce ya kwantar ya shimfiɗa mata tabarma. Kana zama za ka nutse, gwiwoyinka su zo daidai haɓa, ba ka tashi sai ya miƙo maka hannu. Shi kuwa Arzika ba ya gaggawar miƙa hannu.

Mun san dalili, ba mu dai faɗa. Tun da Inno matarsa ta rasu, ɗiyarsu guda kuma aure ya kai ta Agadas, gidan ba kowa sai shi da rediyo. Mai saye in an sallama masa tafiya yake yi, shi ke nan.

Ni nawa cinikin ya fi na kowa daɗewa. Tayoyin baya nake tayawa tun kafin in aurar da ɗiyata Luba. Kullum da hantsi in zo in nutse cikin tayar tirela, in ɗan ƙara wani abu a kan tayin jiya, ya ce albarka, sannan ya cire tawa ya yi mata faci. Faci kan faci, har ba a gane asalin launin tiyub ɗin. In na ce zanen tayar ya suɗe, sai ya ce, "Sanƙo ta yi awa mai ita. Kai an yar da kai don ka yi sanƙo?"

Har ranar da ta fashe da ni a hanyar Lafani, cikin zafin bazara, mota cike da albasa. Motar ta bar hanya ta shiga gonar mutane ta kwanta a gefe kamar jakin da ya gaji. Na fito da goshi a kumbure, albasa har cikin aljihuna.

Luba tana aikin asibiti a Sakkwato, kuma can mai ɗakina take zaune tana rainon jikoki. Washegari sai ga ta.

"Baba, kai da Baba Arzika da ranka kuka wasa."

"Cinikin ya kusa faɗawa, ɗiyata."

"Ya kusa faɗawa da kai cikin rame dai."

Ta tsuguna ta ɗauki hoton lambobin da ke jikin tayar, ta yi ta latse-latse a wayarta. Ta nuna mini tayoyi jere, kowace da kuɗinta rubuce a ƙasa. Na ce a ina rumfar take? Ta ce a intanet. Na ce wa ke zaune a ciki? Ta ce ba kowa. Kafin in gama mamaki ta tura kuɗi. Ba a jima ba aka kira ni daga tasha, wai an saƙo mini kaya daga Kano. Taya huɗu sababbi fil, naɗe da leda, suna ƙamshi. Kuma gaskiya sun fi na Illela sauƙi.

Sai dai waya ba ta ɗaura taya. Kuma a garin nan in ka yi atishawa a tasha, a bakin iyaka za a ce maka yarhamukallah. Na san labari ya riga ni, don haka na lodo su na nufi rumfar Arzika da kaina.

Na yi sallama, ya bar ni na kai ƙarshenta, ya amsa cikakkiya. Nan gabana ya faɗi.

"Nawa kat taya?" in ji shi.

"Ba a tayi. Kuɗɗin rubuce suke."

"Wa yac ce maka albarka?"

"Ba kowa."

"Kun gaisa da mai su?"

"Ban san shi ba."

"To da kab biya, wa yac ce Allah shi amfana?"

Ya yage ledar, ya murza tayar, ya shinshina, ya leƙa cikinta, ya ƙwanƙwasa ya kara kunne. Ina ta addu'a a zuci ya samu aibi, ya zage ni son ransa, mu koma yadda muke. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Can ya miƙe ya karkaɗe hannu.

"Ba su da laihi," ya ce. "Masu kyau na. Shi na abin haushin."

Ya ɗaura su cikin sauri, irin saurin da ban taɓa sanin yana da shi ba. Bai ce in zauna ba. Ya faɗi kuɗin aikinsa, na rage rabi don in tsokane shi, sai kawai ya miƙo hannu ya karɓa. Arzika ya karɓi tayin farko. Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

"Sauka lahiya, Malam Labbo," ya ce. "Waɗanga ba su neman faci nan kusa."

Malam Labbo. Mutumin da tun muna yara yake kirana Kan Ƙwarya.

Wani zai ce to ka je hira mana, sai da dalili? Wanda ya ce haka bai san mu ba. Tsofaffi biyu masu taurin kai, ba wanda zai ce wa ɗan'uwansa na zo ne don na yi kewarka. Ai sai a yi mana dariya har Kwanni. Faci ne ke kai ni rumfar nan, yanzu kuwa ba faci. In na sauke kaya sai in koma gida in zauna a zaure, ni da kaji. In na wuce ta gaban rumfar in hango shi zaune shi kaɗai, tayar tirela ba kowa a ciki, ya ɗaga hannu, in ɗaga, kamar surukai.

Na yi ƙoƙari, Allah ya gani. Duk inda na ga ƙaya a hanyar Gidan Katta sai na bi ta kanta. Na ratsa ta gaban masu walda inda ƙusoshi ke zube. Tayoyin nan ko a jikinsu. Ban taɓa tsanar abu mai kyau kamar su ba.

Wata safiya na gaji. Na tsuguna gefen tayar baya, na sa tsinken ashana a bakin da ake ba ta iska, na danna har ta yi laushi. Na ja mota a hankali zuwa rumfa.

"Ta sace," na ce. "Ka ga kayan waya."

Ya taso ya cire ta, ya tsoma cikin ruwa, ya juya, ya sake juyawa. Ko kumfa ɗaya babu. Ya dube ni, ya dubi kwalin ashana da ke leƙe daga aljihuna, ni da ban taɓa shan taba ba.

"Lalle ta sace," ya ce. "Kuma ɓarawon bai yi nisa ba."

Na ce ko zai ba ta iska.

"Huji na irin wanda ido ba ya gani, Kan Ƙwarya. Irin wanga ba ya facuwa. Sai dai kullum da sahe ka kawo ta a duba."

Kun san Arzika da tsimi. Yana da injin ba da iska amma ba ya tayar da shi, wai fetur tsada. Famfon hannu ya miƙo mini. Ni na sace iskar, ni na mayar da ita da gumina, shi kuma yana zaune yana cewa in ƙara ƙarfi, tsufa ba hauka ba ne. Da na gama ya nuna mini tayar tirela da haɓa. Na nutse ciki, ban taɓa jin daɗin ciwon baya irin na ranar ba.

Haka muka ci gaba. Kullum da safe in sace, in je, in buga famfo, a sha shayi. Bai taɓa ɗaga maganar ba, ni ma haka.

Wata rana ya ce in karɓo masa lambar masu tayar waya wurin Luba, yana son ya ji muryar wanda ya ƙwace masa ciniki. Ya kira, ya sa a fili don in ji. Wata yarinya ta ɗauka, da Hausarta ta Kano tas. Ya gaishe ta, ya tambayi gida, ya tambayi zafi, sannan ya taya taya a rabin kuɗi.

"Baba, ba a ragi. Farashin ke nan."

"Ba haka aka cewa ba, ɗiyata. Ki ce albarka."

"Na'am?"

"In an yi maki tayin da bai yi ba, albarka aka cewa. Ba a koya maku ba?"

Ta yi dariya ta ce, "To albarka, Baba."

"Madalla. To na ƙara kaɗan."

Sai da katinsa ya ƙare. Arzika da ke kiran mutum ya katse don a kira shi, ya ƙarar da kati a kan tayar da ba zai saya ba. Ya ajiye wayar yana murmushi ya ce, "Yarinyar na da tarbiyya. Wurin aiki na ba ta dace ba."

Sai ciwo ya kama Arzika, bai kuwa daɗe ba. Zazzaɓi ne da tari, aka kai shi Sakkwato, aka dawo da shi a kwance, rai ya yi halinsa. Ɗiyarsa ta zo daga Agadas, bayan addu'ar bakwai aka kwashe kayan rumfar. Ban tambayi inda famfon ya tafi ba.

Bayan an watse da 'yan kwanaki na fito da safe zan tafi Lafani. Ban san lokacin da na tsuguna ba. Sai da na ji iska na huci a yatsuna, tayar ta yi rabi, sannan na tuna. Na daɗe a tsugune da tsinken ashana a hannu, kaji na kewaya ni.

Dole na lallaɓa zuwa wurin mai facin da ke bakin tasha. Mutumin kirki ne, injinsa na aiki. Kafin in gama gyara hula ya cika ta, ya ce ba huji, ya karɓi kuɗinsa ya juya ga na bayana. Na tsaya kaɗan ko zai ƙara wata magana. Mai motar da ke baya ya yi mini oda in matsa.

Tayoyin suna nan lafiya lau, ko faci ɗaya ba su nema ba har yau. Sai su kai ni Agadas su dawo da ni. Ni ne dai in na sauke albasa ban san inda zan nufa da su ba.

Allah shi jiƙan Arzika, shi yi mai rahama, shi haɗa shi da Inno. Allah shi yalwata kabarinshi, kada shi bar shi cikin kewa. Mu da muka rage, Allah shi sa mu cika da kyau. Amin.